Korar baƙi daga Nijeriya: Ina ikon kotu ya tsaya?

A Yola da Jimeta, inda zirga-zirga tsakanin Nijeriya da Kamaru ta zama ruwan dare, batun korar baƙo ya shafi 'yan kasuwa, ɗalibai, malamai da kuma 'yan gudun hijira. Tambayar da ke yawan tasowa ita ce: idan gwamnati ta yanke shawarar korar mutum, akwai wanda ke da ikon taka mata birki?

Dokar Shige da Fice ta 2015 ta bai wa Ministan Harkokin Cikin Gida ikon ba da umarnin korar baƙo. Sai dai ikon yana da iyaka. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a Yola, alhakin sauraron ƙararrakin da suka shafi korar waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Alƙali zai duba ko an bi ƙa'ida, ko an bai wa mutumin damar kare kansa, da kuma ko mayar da shi zai jefa rayuwarsa cikin haɗari. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta haramta mayar da mutum inda za a tsananta masa.

Misalin da ya fi kusa da Yola shi ne na Sisiku Julius Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin Kamaru mai amfani da Turancin Ingilishi, wanda ya taɓa aiki a Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola. An kama shi tare da abokansa a wani otal a Abuja ranar 5 ga Janairun 2018. Kafin watan ya ƙare, an miƙa mutum 47 ga hukumomin Kamaru, lamarin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da shi.

A ranar 1 ga Maris ɗin 2019, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa korar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci a dawo da su tare da biyan su diyya. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Agustan shekarar, kotun soja a Yaounde ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu mutum tara hukuncin ɗaurin rai da rai.

Shari'ar Alhaji Shugaba Darman ta ƙare daban. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kore shi zuwa Chadi, alhali shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ya kuma dawo gida.

Bambancin shari'o'in biyu ya nuna cewa hukuncin kotun Nijeriya ba ya ɗaure gwamnatin wata ƙasa. Saboda haka, duk wanda aka tsare da nufin korarsa, abin da ya fi masa shi ne iyalinsa su garzaya kotu ta hannun lauya domin neman umarnin dakatarwa tun kafin a tsallakar da shi iyaka.