Allurar Cire Jijiyar Haƙori Ma Tana Gajiya

A Madekali da sauran garuruwan ƙasar Malanbil, in haƙori ya hana mutum barci, abin da aka saba shi ne a cire shi a huta. Amma waɗanda suka kai ga likitan haƙori a Paraku, ko suka tsallaka Najeriya zuwa Birnin Kebbi da Sakkwato, sun san akwai wata hanya: a huda haƙorin ta sama, a fitar da ruɓaɓɓiyar jijiyar, a wanke ramin saiwar, a cike shi, haƙori ya zauna daram.

Da wasu siraran allurai masu murɗaɗɗen jiki ake yin aikin, ɗan inji na juya su kusan sau 300 a minti ɗaya. Ƙarfensu gamin nikel ne da titaniyom, wanda aka fara gwadawa a wannan fanni a Amurka a 1988, don yana tanƙwaruwa ya bi karkatacciyar saiwa, musamman ta haƙoran tauna. Sai dai duk juyin da allurar ta yi a cikin lanƙwasar saiwa, cin ƙarfinta ake yi, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Wani sa'in kuma tsininta ne ke maƙalewa a matsattsen rami, inji bai daina murɗawa ba, sai ta karye a ciki. Abin da ya fi ba da tsoro, sau da yawa ido ba ya ganin gajiyar; tana ƙyalli, alhali ta kusa tsinkewa.

Tukunyar tururin asibiti, mai zafin digiri 134, tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta maido wa allura ƙwarinta. A Ingila tun 2007 aka umarci likitoci su yar da ita bayan majinyaci ɗaya, ko da yake gudun yaɗa cuta ne ya kawo dokar. A nan kuwa daga waje ake shigo da alluran, ga tsada, shi ya sa ake maimaitawa. Likita mai kula yakan rubuta sau nawa kowace ta yi aiki, kuma ba rashin kunya ba ne a ce masa, "Likita, wannan sabuwa ce?"

In allurar ta karye, haƙori bai tashi aiki ba tukuna. Ana ɗaukar hoton saiwar, a ciro guntun, ko a ratsa ta gefensa, ko a bar shi a cike ramin a riƙa dubawa. Haƙƙin majinyaci ne a faɗa masa. In kumburi ko zogi ya biyo baya, a koma asibiti maza, kada a tsaya ga mai tallan magani a kasuwar Malanbil.