Hular Kwano a Aboabo: Kai Ake Karewa ko Aljihu?

Duk wanda ya san Aboabo ta birnin Kumasi ya san matsayin babur a unguwar. Shi ke kai ɗan kasuwa Kejetia da Adum, shi ke ratsa lungunan Asawase da Sawaba inda mota ba ta shiga, ranar Sallah kuwa matasa su fito da shi jerin gwano, ana ta sukuwa. Hular kwano ma ana ganinta, sai dai sau da yawa a rataye take a hannun babur, ta hau kai idan an hango 'yan sandan hanya na MTTD, ta sauka da an wuce su. Dokar hanya ta Ghana ta 2004 da ƙa'idojin 2012 da aka fi sani da L.I. 2180 sun wajabta ta kan mai tuƙi da wanda ya goya. To amma wanda ya ɗauki hula a matsayin maganin tara, mafi araha zai saya, kuma ba zai damu da ɗaure ta ba. Alhali ceton da hula ke yi yana cikin farin soson da ke cikinta da igiyar da ke riƙe ta a haɓa, abubuwan da ɗan sanda ba ya dubawa daga nesa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, taushi gare ta, kuma tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi kwalta ko bakin kwata, ƙashi yana tsayawa nan take, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta ci gaba da tafiya har ta daki bangon ƙoƙon daga ciki. Tsayawar farat ɗaya ce ke yin ɓarna. Aikin soson hula shi ne ya murƙushe a hankali, ya ƙara wa kai ɗan lokacin tsayawa, ƙasa da ƙiftawar ido, wanda ya isa ya rage ƙarfin bugun. Irin farin soson nan ne mai tauri da ake samu a kwalin sabuwar talabijin, amma an tsara taurinsa da gangan, kaurinsa kuma ya kai santimita biyu da rabi ko fiye. Ɓawon waje yana baza bugun ne a wuri mai faɗi, ya hana ƙarfe ko dutse huda kai, ya bar hular ta zame a kan kwalta. Shi ya sa hular magina, wadda ciki sai 'yan igiyoyin roba, ba ta da amfani a kan babur: don bulo mai faɗowa daga sama aka yi ta. Shi ya sa kuma hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ɓawonta bai tsage ba, domin soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. Da wuya mahayi ya faɗi a miƙe. A karkace yake dukan ƙasa, kwalta ta kama gefen kai ta murɗa shi. Idan aka juya ƙwaryar kindirmo da ƙarfi, ƙwaryar kan riga nonon juyawa, na gefe ya bi ta, na tsakiya ya tsaya. Haka ƙwaƙwalwa ke yi, siraran zaruruwan jijiyarta su miƙe su tsinke, jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙo su yage. Wani masanin kimiyya a Oxford, Holbourn, ya bayyana wannan tun 1943, amma an daɗe ana gwada huluna da bugu na kai tsaye kawai. A Suwidin, likitan ƙwaƙwalwa Hans von Holst da injiniya Peter Halldin suka ƙirƙiro fasahar MIPS, wani siririn shimfiɗi a cikin hula mai barin kai ya zame milimita 10 zuwa 15 lokacin bugu, don ya rage murɗawar. Sabon ma'aunin huluna na Majalisar Ɗinkin Duniya, ECE 22.06, ya sa gwajin bugun karkace cikin sharuɗɗansa. Irin waɗannan huluna suna da tsada, kuma ba na cewa sai kowane ɗan okada ya mallake su. Ratar da ke tsakanin kai tsirara da hula mai soso na gaske ta fi wadda ke tsakanin hula mai kyau da wadda ta fi ta kyau nesa ba kusa ba.

Hujjar ba ta yau ba ce. Bayan wani ɗan Birtaniya mai suna T. E. Lawrence ya mutu a haɗarin babur a Ingila a 1935, ɗaya daga likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya bi diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a babur, har rundunar Birtaniya ta wajabta musu hula a 1941. Bitar da ƙungiyar bincike ta Cochrane ta yi a 2008, wadda ta tattara binciken ƙasashe da dama, ta gano hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma doka kaɗai ba ta isa ba. Da Najeriya ta fara tilasta hular a ranar 1 ga Janairun 2009, an kama 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya. Abin dariya ne a lokacin, sai dai hular roba marar soso da ake sayarwa a bakin titi ba ta fi ƙwaryar da komai ba.

Masu ƙin hula suna da dalilansu. Wani zai ce nan da nan ne, daga Aboabo Station zuwa gida, kuma ba gudu yake yi ba. Kan mutumin da ke zaune a babur yana kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma faɗuwa daga nan kaɗai tana kai shi ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 20 a sa'a, ko da babur a tsaye yake. Maganar zafi gaskiya ce, rana a Kumasi ba wasa ba, amma maganinta hula mai ƙofofin iska, mai farin launi, wadda ma direbobi suka fi hangowa. Fasinjan da ke ƙyamar hular da kowa ya sa yana da gaskiyarsa, ya ɗora ta kan hankici ko siririn kallabi, mai hawa kullum kuwa ya nemi tasa. Zancen cewa nauyinta na karya wuya, bincike bai tabbatar da shi ba. Mai cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, ba wanda ya musa masa, amma malamanmu sun sha karantar da cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Kuma ba kowane haɗari ke ƙarewa da jana'iza ba. Da yawa daga waɗanda ake kwasa zuwa sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye suna rayuwa, amma da farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mantuwar da ke hana magidanci neman abinci, iyali su yi shekaru suna jinya.

Saboda haka mai sayen hula ya juya ta ya ɗaga ƙyallen ciki, ya danna da yatsa ya ji farin soso mai kauri. Ya duba igiyar haɓa, ya nemi tambarin harafin E cikin da'ira a ɗinke a jikinta, domin takardar da aka manna a bayan hula kowa na iya bugawa. Ya sa ta ya girgiza kai, in tana yawo ta yi masa yawa. Ya ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa, don hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Wanda kuma kansa ya bugu, ko da ya tashi ya kakkaɓe riga yana magana garau, idan aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ba a saba ba, a garzaya da shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye, domin jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai na sa'o'i kafin mutum ya suma.