Ajiye Macijin Boa a Akwatin Roba: Zafi, Laima da Murfi

A Amurka da Turai, masu kiwon macizai don sha'awa sun daɗe suna ajiye macijin boa a akwatunan roba na adana kaya maimakon kejin gilashi. Asalin macijin daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Bahaushe zai iya kiransa mesa, kasancewar ba shi da dafi, kanannaɗe abin da ya kama yake yi har ya mutu. Sai dai mesa ƙwai take sakawa, macen boa kuwa haihuwa take yi.

Fifikon roba a kan gilashi shi ne riƙe ɗumi da laima. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, daga muhallinsa yake aro. Saboda haka ake shimfiɗa faifan ɗumamawa na lantarki ƙarƙashin kusan sulusin akwatin, ɓangaren ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya ɓangaren ya tsaya wajen 25 zuwa 27, macijin ya riƙa kai-komo gwargwadon bukatarsa. Idan sanyi ya yi yawa, abinci ba ya narkewa, yakan amayar da shi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne faifan da ba a haɗa shi da na'urar daidaita zafi ba: yana iya narkar da robar, kuma maciji kan ci gaba da kwanciya a kansa har fatar cikinsa ta ƙone. Laimar da ake nema kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ce, domin saɓa ta fita gaba ɗaya; ƙananan hujoji a gefe sun wadatar wajen shigar iska.

Murfi shi ne raunin wannan tsari. Boa kusan duk tsoka ne, murfin da aka ɗora kawai ba ya tsare shi, sai an ɗaure kowane gefe da maƙalli mai ƙarfi. Illar kuɓuta ba ta tsaya ga mai shi ba: a tsibirin Aruba, inda aka fara ganin boa a daji a 1999, ya yaɗu yana cin tsuntsayen wurin.

Akwatin ya dace da ɗan maciji ne kurum. Babban boa kan kai mita 2 zuwa 3, ya rayu shekara 20 ko fiye, kuma masu kare haƙƙin dabbobi suna da hujja idan suka ce tilas maciji ya sami inda zai miƙe jikinsa duka. Akwatunan kasuwa kaɗan ne ke da wannan tsawon.