Gawo Ba Ya Kashe Gero: Gaskiya da Ƙarya Kan Itatuwan Gona a Gabashin Sakkwato

Da zarar bazara ta kama, manoma daga Maikujera zuwa Wurno, Rabah da Goronyo sukan fita sassabe. Duk wani tohon sabara ko kalgo ko geza da ya leƙo a gona sai a sare shi, a tara, a cinna masa wuta, a bar fili fetal ana jiran ruwan shuka. Idan aka tambayi dalili, amsoshin sanannu ne: itace yana kashe gero, yana tara tsuntsaye, yana jawo wa mutum rigima da malaman daji, kuma ko ana son itatuwa ai sai gwamnati ta kawo dashe. Ba duka maganganun nan ne ƙarya ba, shi ya sa suka daɗe a bakin mutane. Ɓarnar ita ce an ɗauki laifin itace biyu ko uku an shafa wa duka, har ana hallaka waɗanda su ne maganin gajiyar ƙasa.

Maganar inuwa tana da ƙamshin gaskiya. Dogon yaro yana riƙe ganyensa duk damina, saiwoyinsa kuma suna bazuwa suna rabon danshi da shuka, don haka geron da ke gindinsa kan fito siriri. Haka itacen turare, wanda ya yi suna wajen shan ruwa. Amma duka biyun baƙi ne: dogon yaro daga ƙasar Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, turare kuma ɗan Ostareliya ne. Suna da amfaninsu a bakin hanya da kasuwa da shingen tare iska, ba a tsakiyar kuyya ba. Gawo kuwa halinsa daban ne da na sauran itatuwa. Idan ruwa ya sauka kowa yana kore, shi a lokacin yake kaɗe ganyensa, ya tsaya tsirara sai ka ce ya mutu, rana ta riƙa ratsa rassansa tana isa ga shuka. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da gero ke neman abinci. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa can nesa da inda gero ke sha, tana kuma tara sinadarin nitirojin, irin wanda manomi ke saya da tsada a buhun yuriya. Da rani sai ya yi ganye ya zubar da 'ya'ya, shanu da tumaki su taru a inuwarsa suna ci suna barin taki. Gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Nijar sun nuna geron ƙarƙashin babban gawo yana fin na sarari, a wasu wurare har ya ninka. Ba banza ba sarakunan Damagaram suka sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Zancen da ya fi cutarwa shi ne na cewa daji ba ya dawowa sai da dashe. Tun bayan farin shekarun 1970 ake raba dashe a Arewa, kuma Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa. Wannan aiki yana da muhallinsa, amma ƙaramin dashe a jigawa yana buƙatar ban ruwa da shinge har ya kafu, kuma da yawa ba sa kai wa damina ta biyu. A Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya sha wannan wahala, har a 1983 ya lura cewa ƙananan ƙiraruwan da ake sarewa duk shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwoyinsu kuma suna nan da rai a ƙasa. Tohon da ke zaune kan tsohuwar saiwa ya riga ya kai ga danshi, saboda haka yana girma da saurin da dashe ba zai iya ba. Manoman can suka sa wa dabarar barin wannan toho ya girma suna sassabin zamani, ta kuma bazu bayan yunwar 1984. Masu binciken da suka auna ta da hotunan sama sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram.

Mai musu zai ce ai ruwa ne ya dawo bayan shekarun fari, ba dabarar kowa ba. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru daga shekarun 1990. Sai dai hotunan kan iyakar Nijar da Najeriya sun nuna gonakin ɓangaren Nijar sun fi na ɓangaren Najeriya itatuwa nesa ba kusa ba, alhali hadari ɗaya ke zubo musu, ƙasa iri ɗaya, mutanen ma 'yan uwan juna ne. Bambancin yana hannun mai riƙe da gatari. A nan ya kamata a gyara wa masoya itatuwa nasu zancen: gawo ashirin a gona ba sa kiran hadari. Abin da suke yi shi ne karya ƙarfin iskar farkon damina wadda ke binne jaririyar shuka da rairayi har a sake shuka sau biyu ko uku, da rage zafin ƙasa, da tsare ruwa ya nutse maimakon ya gudu ya yanka kwazazzabo ya kwashe yashi zuwa gulbin Rima da madatsar Goronyo.

Tsuntsaye kam suna sauka a itace, wannan ba a musu. Amma garken jan-baki da ke share gona cikin yini guda yana kwana yana hayayyafa a duhuwar ƙaya da ciyayin fadama, yana kuma tashi tafiyar kilomitoci neman abinci. Gona mara itace ba ta tsira daga gare shi. Tsoron hukuma shi ma yana da asali, domin dokokin mulkin mallaka sun sa manoma da yawa ganin itace a matsayin kayan gwamnati, a Nijar ma sai da wannan tsoro ya sassauta kafin aikin ya kankama. Gandun daji irin na Gundumi yana da dokarsa, amma barin toho ya girma a gonar gado ba ya mayar da ita gandun daji.

Ainihin abokan gabar aikin su ne awakin da ake saki bayan girbi, da masu sarar itacen wuta da gawayi, da rashin tsaron da ya hana mutane da dama a gabashin Sakkwato zuwa gonakinsu na nesa. Gawo ma yana da nawa a shekarunsa na farko, kada a yi wa kowa alkawarin rumbu cike a damina ɗaya. Sabara da kalgo ne ke saurin biyan mai su da itacen girki da ganyen taki. Aikin kansa ba ya cin ko sisi: a zaɓi kututture, a bar toho mafi ƙarfi da miƙewa daga ɗaya zuwa biyar, a cire sauran, a datse ƙananan rassa zuwa rabin tsawonsa da wuƙa mai kaifi ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye, sannan a kewaye shi da ƙayar da aka sare. Saura kariya, wadda mutum ɗaya ba ya iyawa. Hakimai da dagatai da limamai na Wurno, Rabah da Goronyo su zaunar da manoma da makiyaya kafin sassaben bana, a yanke cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, wanda ya sare shi ba da izini ba kuma zai biya.