“Da Sauƙi” Ba Amsa Ba Ce

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin maganar ce ta faɗo mini a rai lokacin da wani ƙanena, manomin shinkafa a fadamar Argungu, ya faɗi a kan babur a hanyar Birnin Kebbi, ƙashin cinyarsa ya karye. Kwana goma yana kwance a asibiti, kullum likita ya tambaye shi jiki sai ya ce “da sauƙi”. A rana ta goma sha ɗaya ya sa aka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori, kuma babu wanda ya nemi jin dalili. Yau yana ɗingishi.

A matsayina na ɗalibin harshe, na san “da sauƙi” gaisuwa ce kawai. Bahaushe yana faɗinta ko da yana gargarar mutuwa, saboda haƙuri da kunya. Alhali harshenmu ya bambanta zogi da raɗaɗi da suka da tsami, kuma kowanne yana iya nuna wa likita wani abu dabam. Sai an yi tambaya daidai ake samun su.

Ba a rasa tanadi ba. An kafa SERVICOM a 2004 domin sauraren koken jama'a kan ma'aikatun gwamnati, kuma a 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata, wanda ya ba marar lafiya damar yin ƙorafi. Sai dai akwatin ƙorafi ba ya amfanar wanda bai iya rubutun boko ba, balle mai jin Zabarmanci ko Fulatanci kaɗai.

Shawarata ga Asibitin Sir Yahaya da Babban Asibitin Argungu ita ce a ware ma'aikaci, mace ga mata, da zai zauna da wanda ya ji mummunan rauni kafin a sallame shi, sannan a kira shi a waya bayan wata guda da bayan wata shida. A tambaye shi: kana iya sujada? Ka koma gona? Me ya fi ɓata maka rai a wurinmu? A tattara amsoshin, shugabannin asibiti su zauna a kansu, su gyara abin da aka fi kuka da shi.

Haɗuwar ƙashi a hoto rabin waraka ce. Sauran rabin majiyyaci ne kaɗai zai iya faɗa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.