Darasin Tarihi Ya Dawo Makarantun Yara

A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sabon tsarin karatu na makarantu. A cikin tsarin, darasin tarihin Nijeriya ya zama dole ga kowane yaro, tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. A babbar sakandare kuma an haɗa tarihi da ilmin zama ɗan ƙasa nagari, sun zama darasi guda. Wannan umurni ya shafi makarantun birni da na karkara baki ɗaya. Saboda haka ya kamata iyayen yara a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su san abin da za a koya wa 'ya'yansu, da kuma irin taimakon da ake bukata daga gare su.

Yadda aka cire shi

Da can ana koyar da tarihi a makarantu. A shekarar 2007 aka yanke shawarar cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka soma aiki da shawarar a zangon karatu na 2009 zuwa 2010. An tsakuro kaɗan daga cikinsa an zuba a darasin ilmin zamantakewa. Da darasin ya ɓace, sai matasa suka rage karanta tarihi a kwalejojin horon malamai, domin babu inda za su koyar da shi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2009 yanzu ya haura shekara 20. Ya isa jefa ƙuri'a, wataƙila ma ya yi aure, alhali bai taɓa zama a ajin tarihi ba.

Masana sun yi ta kuka a kan wannan. A zamanin Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu aka fitar da sabuwar manhajar tarihi a 2018. A watan Nuwamba na 2022 aka zaɓi malamai 3,700 don a horar da su, wato malami 100 daga kowace jiha da Abuja. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. In aka raba malami 100 a tsakaninsu, kowace ba za ta sami uku ba. Wannan ya nuna cewa akwai sauran aiki, musamman a makarantun ƙauye inda malami ɗaya kan riƙe aji biyu ko uku.

Tarihi daga gida yake farawa

Yaro ya fi saurin gane abin da idonsa ya gani. Kudancin Kano kuwa cike yake da abubuwan da malami zai nuna.

Bebeji tsohon gari ne a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. Wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton ya bi ta garin a 1826, ya rubuta cewa babban gari ne mai ganuwa da jama'a da yawa. A ƙarshen watan Janairu na 1903 sojojin Ingila suka taso daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Molan, za su ci Kano. Da suka iso Bebeji, mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi sallamawa. Sojojin suka harba igwa suka fasa ƙofar, sarkin garin da wasu mutanensa suka rasu a wurin. Daga nan rundunar ta wuce, ta ci birnin Kano ran 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Yaron Bebeji da ya ji wannan labari zai san cewa kakanninsa ne suka fara tarar Turawa a ƙasar Kano.

A ƙaramar hukumar Bebeji ne kuma madatsar ruwa ta Tiga take. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ne ake noman rani da shi a Kadawa da Kura, inda shinkafa da alkama da tumatir suke fitowa. Tafkin Bagauda da ke kusa ya ci sunan Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya ce shi ne sarki na farko, a shekarar 999. Nan ne reshen Kano na makarantar horon lauyoyi ta ƙasa yake.

A Doguwa akwai Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suke haƙar kuza suna narka ta, fatake suna saye suna kaiwa kasuwanni masu nisa. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, gwamnati ta keɓe shi ne don kare namun daji da itatuwa da ruwan Kogin Kano. A ƙarni na 19 garuruwan wannan yanki sun sha fama da hare-haren Ningawa, shi ya sa da yawansu suka yi ganuwa ko kafi. Yaron Kiru zai iya tambayar dattawa dalilin da ya sa ake kiran wani gari Kafin Maiyaƙi, da yadda Kwanar Ɗangora ta bunƙasa a kan titin Zariya.

Daga gida sai ƙasa

In yaro ya san garinsu, sai a ɗora masa na ƙasa. Zai koyi cewa a 1914 Turawa suka haɗe Arewa da Kudu suka zama Nijeriya ɗaya. Ran 1 ga Oktoba 1960 ƙasar ta sami 'yancin kai, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiyan Jihar Arewa. Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, cikinsu har da Jihar Kano. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano.

Zai kuma koyi cewa 'yancin jefa ƙuri'a sai da aka sha wuya kafin a same shi. Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, sun yi gwagwarmaya don talaka ya sami bakin magana. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda neman 'yancin mata. Matan Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Yarinyar da ta san haka, in ta girma za ta yi tunani kafin ta ba da ƙuri'arta don sabulu ko taliya.

Sanin haƙƙi da wajibi

Ilmin zama ɗan ƙasa nagari yana koya wa yaro yadda ake mulkin ƙasarsa. Gwamnati hawa uku ce: ta tarayya, ta jiha, da ƙaramar hukuma. Nijeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Majalisar Dattawa tana da sanatoci 109, ta Wakilai kuma tana da wakilai 360. Kiru da Bebeji wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai a Abuja. Tudun Wada da Doguwa su ma wakili ɗaya suke turawa. Dukkan huɗun suna cikin mazaɓar sanata ta Kano ta Kudu.

Amfanin wannan sani a fili yake. In rufin aji ya yaye ko rijiyar burtsatse ta lalace, mutumin da ya san tsarin mulki ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar makarantun firamare da asibitocin karkara. Kansila shi ne wakili mafi kusa da jama'a, domin a mazaɓarsu yake zaune.

Tsarin mulkin ya kuma faɗi abin da ke kan ɗan ƙasa. Cikinsu akwai bin doka, girmama tuta da taken ƙasa, biyan haraji, mutunta sauran jama'a, da taimaka wa hukuma wajen tsaro. Duk wanda ya cika shekara 18 yana da ikon yin rajista ya jefa ƙuri'a. Tun 2018 kuma mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Iyaye su lura cewa a watan Mayu na 2024 an koma tsohon taken ƙasa na 1960, don haka wanda yara suke rerawa da safe ya bambanta da wanda yayyensu suka koya.

Abin da iyaye za su yi

Na farko, a bar yara su je makaranta kullum, har da lokacin shuka da girbi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ga mace da namiji. Darasin da aka yi yaro yana gona ya wuce shi.

Na biyu, a tambayi hedimasta ko akwai malamin tarihi da littattafai a makarantar. In babu, ƙungiyar iyaye da malamai ta kai kuka ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma a rubuce, ta kuma riƙa bin sawu.

Na uku, dattawa su ba da nasu. Tsohon da ya ga ginin Tiga, ko ya yi aikin kuza a Riruwai, ko ya jefa ƙuri'a a zaɓen 1979, yana da abin da babu shi a littafi. Malami zai iya gayyatarsa aji ya ba da labari, yara su rubuta. Uba ko uwar da suka koyi karatu a ajin manya za su iya karɓar littafin yaro da dare su karanta tare. Makarantar da ta sami hali ta kai ɗalibanta gidan tarihi na Gidan Makama a Kano.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke aji shida a yau, nan da shekara shida ko bakwai su ne za su tsaya a layin zaɓe a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Abin da aka koya musu yanzu shi za su je da shi. Allah ya yi wa karatunsu albarka.