Jan Cikin Karfasa Ba Guba Ba Ne

Da zarar damina ta kankama, Gulbin Zamfara ya malala cikin fadamun Bukkuyum da Gummi, masunta kan fito da wata karfasa mai jan ciki jawur. Sai ka ga mai saye ya ja da baya, wai gubar dalma ce ta fito mata, wai kuma rina ta aka yi. Tsoron da dalilinsa, don ba wanda ya manta da 2010, lokacin da dalmar haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare. Amma zargin kam ba shi da tushe.

Wannan ja kwalliyar aure ce. A fatar karfasa akwai ƙananan ƙwayoyin launi da ke buɗewa su tsuke. In lokacin ƙwai ya yi sai su buɗe, ƙirji ya yi ja, ratsin jiki ya fito ɓaro-ɓaro. In ta firgita cikin taru kuma sai ta koɗe nan take. Abin da take ci ma yana ƙara mata ja. Dalma kuwa ba ta mayar da kifi ja.

Danginta na gabashin Afirka sun fi ta ado nesa ba kusa ba. Tafkin Malawi kaɗai yana da iri sama da 700, shuɗi da rawaya da masu zane, su ne ake zubawa a akwatin gilashi a gidajen Turai da Amurka don sha'awa. Yawanci namiji ne mai adon, mace tana nan toka-toka, ita ke zaɓen miji da ido, ta kuma rene ƙwai a cikin bakinta. A Tafkin Biktoriya, binciken da Ole Seehausen da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa inda ruwa ya gurɓace ya yi duhu, launin kifin dusashewa yake yi, don macen ba ta iya bambance mazan. Wato ƙazantar ruwa rage ado take yi, ba ƙarawa ba. Ita ma jar karfasar gona ba rina ta aka yi ba, a Taiwan aka samo ta wajajen ƙarshen shekarun 1960 ta hanyar barbarar iri biyu.

Abin takaicin shi ne, ana ta gudun ja, ga guba ta gaske ana saye da kuɗi. Har yanzu akwai marasa tsoron Allah da ke tsiyaya Gamalin a tafki su kwashe abin da ya taso, da masu yayyafa Sniper a kan busasshen kifi don korar ƙwari. Ko ɗaya ba ya sauya launi.

Saboda haka uwargida ta duba ido: na sabon kamu garau yake, bai faɗa ciki ba. Ta ɗaga murfin kumatu, ta ga ja mai haske babu yauƙi. Ta danna tsoka, in yatsa ya bar rami ta ajiye. In ta ga tire cike da manya da 'yan mitsi-mitsi, iri-iri a cakuɗe, duk sun yi laushi tun hantsi, ta tambayi yadda aka kama su. Busasshen kifi kuma a sunsuna, mai warin magani a bar wa mai shi. Wanda ya ga ana zuba guba a ruwa ya kai magana gaban Sarkin Ruwa ko hakimi tun kafin kifin ya isa kasuwa.